Kafin a kafa fitilar sola, a duba me aka shuka a gefenta

Fitilun sola sun cika gari. Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, da wuya mutum ya yi tafiyar minti biyar da dare bai ga farin haskensu a kan titi, ko ƙofar gida, ko harabar masallaci ba. Abin alheri ne, domin wanda ya sha zaman duhu ba ya raina ƙwan fitila. Sai dai akwai abin da masu sayarwa da masu kafawa ba sa sa wa a lissafi: a cikin ganuwar Zariya da gefenta har yanzu ana noma, kuma wasu shuke-shuken da duhu suke gane lokacin yin fure.

A 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka gano dalilin da ya sa wata irin taba ke ta girma ba ta fure sai yini ya gajarta. A 1938 Hamner da Bonner suka nuna cewa tsawon dare shuka ke aunawa, domin haska fitila na ɗan lokaci a tsakiyar dare ya isa ya hana wani ciyayi yin fure. A cikin ganye akwai sinadarin da ake kira fitokurom, wanda jan haske ke kunnawa, duhu kuma ya riƙa kashe shi a hankali. A yaren masu manhaja, tamkar agogon ƙirge ne da ke fara gudu da faɗuwar rana. Haske ya shigo a tsakiya, ƙirgen ya lalace.

A intanet, masu noman tabar wiwi ne suka fi yayata wannan ilimi. A ƙasashe irin su Kanada, wadda ta halatta ta a 2018, ana sarrafa hasken ɗakin noma ne don a sa ta fure, kuma suna tsoron ko ɗan hasken da ke kutsawa ta ƙasan ƙofa. A Najeriya noman wiwi laifi ne, NDLEA na kama mai yi. Amma ilimin ba na wiwi kaɗai ba ne. Dawar gargajiya irin su farafara da kaura, da maiwa, da waken gida, da rama, da zoɓo, duk suna jiran dare ya ƙara tsawo kafin su yi fure.

Zariya na kan kusan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya. Yini mafi tsawo a watan Yuni kusan awa 12 da minti 45 ne, mafi gajarta a Disamba kusan awa 11 da rabi. Tazarar ba ta wuce awa ɗaya da kwata ba, amma dawa na jin ta. Shi ya sa ko an shuka farafara da wuri ko an makara, takan fitar da kai ne dab da ɗaukewar ruwa, ƙwayar ta nuna a cikin busasshiyar iska ba tare da ta yi fumfuna ba. Masanan cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun daɗe da nazarin wannan hali. Shukar da ke lura da bambancin mintuna ba za ta yi biris da fitilar da ke kanta tun magariba har asuba ba. A Japan manoman shinkafa sun saba da matsalar: layukan da ke kusa da fitilar titi sukan makara wajen fitar da kai. A nan kuwa makara na nufin ruwa ya ɗauke kafin dawa ta yi ƙwaya, manomi ya tashi da kara.

Wani zai ce tsaro ya fi 'yan layukan dawa muhimmanci. Gaskiya ne, ba wanda ke cewa a cire fitila. Kuma ba kowace shuka abin ya shafa ba. Tumatir da gero mai saurin nuna ba su cika damuwa ba. Matsalar ita ce yadda ake kafa fitilun. Sau da yawa akan ɗaga kan fitila sama don haske ya kai nesa, sai rabinsa ya zuba a gonar maƙwabci maimakon kan hanya. Sunkuyar da kanta, ko sa mata ɗan gwangwani a gefen da ke kallon gona, ba ya cin kuɗi. Fitila mai sensar motsi na rage ɓarnar batir, amma idan tana kunnuwa da tsakar dare a kan shuka, hasken ya riga ya katse duhun. Haka ma ƙwai mai launin ruwan ɗorawa: ya fi daɗi a ido, amma jan haskensa ya fi yawa, shi kuma ganye ya fi ji. Inda fitilar ke kallo shi ne abu na farko.

Matasa masu waya na da aikin yi a nan. A saman yawancin wayoyi, kusa da kyamarar gaba, akwai sensar da ke daidaita hasken allo, kuma a Android akwai manhajojin kyauta da ke karanta ta da ma'aunin luks. Hasken cikakken wata bai kai luks 1 ba. Sensar ba ta kai na'urar ɗakin bincike inganci ba, amma ta isa a kwatanta layin da ke ƙarƙashin fitila da wanda ke can tsakiyar gona. A auna a daidai tsayin ganye, a ɗauki hoto, a rubuta ranar da kowane layi ya fara fure.

Mai kafa sola ya saba tambayar ƙarfin batir da girman allo. Ya kamata ya ƙara tambaya guda kafin ya ɗaure noti: me aka shuka a bayan wannan katangar?