Ɗigon Hitar Banɗaki Ba Lalacewa Ba Ne

Hitar da ake maƙalawa a bangon banɗaki a gidajen Abuja, irin su Ariston mai lita 30 ko 50 ko 80, tukunya ce rufaffiya ruf. Ruwan sanyi na shiga ta ƙasa, wani ƙarfen lantarki na zafafa shi, kuma babu wata kafa da ke buɗe ga iska. Da hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, ita ake fara kunnawa da asuba a Gwarinpa da Kubwa da Lugbe, galibi ba tare da sanin abin da ke gudana a cikinta ba.

Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Daga digiri 20 zuwa 70 yakan ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, wato kimanin lita guda a hita mai lita 50, ga shi ba ya matsuwa kamar iska. Shi ya sa ake ɗaura wani ɗan bawul a bakin bututun ruwan sanyi. Aikinsa biyu ne: ya hana ruwa komawa baya, ya kuma buɗe idan matsi ya kai iyaka, yawanci bar 7 ko 8. Don kwatanci, tankin ruwan da aka ɗora a tsayin mita 10, bar ɗaya kacal yake bayarwa.

A nan gizo ke saƙar. Bawul ɗin yakan riƙa ɗiga yayin da ruwa ke ɗaukar zafi, ɗigon ya bi tayil ya bar zane mai launin tsatsa. Sai maigida ya kira mai gyaran famfo ya ce hita na yoyo. Wanda bai ƙware ba sai ya toshe bakin da gam ko ƙusa, ɗigo ya tsaya, a sallame shi, kowa ya gamsu. Alhali ƙofar tsira ɗaya tilo aka liƙe. Ranar da na'urar daidaita zafi ta mutu, musamman in an riga an tsallake makashin gaggawa da guntuwar waya, ruwan zai haura digiri 100 bai tafasa ba, saboda matsin da ke kansa. Da tukunyar ta tsage, wani ɓangaren ruwan zai rikiɗe tururi nan take, tururi kuwa yana cin wuri ninki kusan 1,600 na ruwan da ya haife shi. Ƙarfin da ke nan ya isa ya rusa bango. Toshe wannan bawul ganganci ne da rai, ko wane ne ya ba da umarni.

Gyaran mai sauƙi ne. A haɗa bakin bawul ɗin da siririn bututu mai gangarowa zuwa magudana, a bar ƙarshensa a buɗe inda ido zai gani. Kada a sa marufin ruwa tsakanin bawul da hita. A riƙa ɗaga ɗan hannunsa sau ɗaya a wata don kada datti ya ƙame shi, balle a unguwannin da ruwan Dam ɗin Usuma bai kai ba, inda ake dogaro da burtsatse. Gidan da aka sa injin ƙara ƙarfin ruwa yana buƙatar bawul mai rage matsi da ƙaramin tanki mai shanye kumburin. A Ingila, sashen G3 na dokokin gini ya taƙaita wannan aiki ga wanda ya samu horo. Ya kamata masu kula da gine-gine a Babban Birnin Tarayya su ɗauki irin wannan mataki.

Sai ɓangaren wuta. Dole jikin hita ya haɗu da wayar da aka binne a ƙasa, a kuma sa na'urar da ke yanke wuta da zarar miliamfiya 30 ta zurare. Kashe hita kafin wanka ɗabi'a ce mai kyau, amma ba ta maye gurbin waɗannan biyun. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, tana ba masu haɗa wutar gida takardar shaida, kuma maigida na da ikon neman ganinta.

Zafin da ya dace shi ne digiri 60. Ruwan ɗumi mai kwana yana raya ƙwayar Legionella, wadda aka gano bayan annobar birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. Amma ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar yaro cikin daƙiƙoƙi, don haka a fara tara na sanyi kafin a sirka. Idan kuma tankin sama ya ƙare, a kashe hita, kada a sake kunna ta sai an buɗe famfon zafi an ga ruwa na zuba ba tare da tofar da iska ba.