Dandali Na Mai Share Shi Ne: Darasi Daga Ƙasar Zuru

A bakin matasan yau, kalmar "dandali" ta koma intanet. Idan aka ce dandalin sada zumunta, Facebook ake nufi, alhali dandalin asali, inda 'yan mata ke gaɗa samari ke langa da kokawa, yana ƙanƙancewa a garuruwanmu. Ra'ayina shi ne, ba abin da zai tsare filin wasan unguwa kamar hannun mutanen unguwar, kuma ƙasar Zuru ta jihar Kebbi tana da al'adar da za a ɗora wannan aiki a kanta.

A doka, nauyin yana kan hukuma. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya ginawa da kula da lambunan shaƙatawa da filayen jama'a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, yayin da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sai dai doka ba ta ɗaukar tsintsiya. Filin da ba shi da mai kula yakan fara zama juji, daga nan a ce ba shi da amfani, sai a yanka shi fuloti-fuloti. Ko filin Idi na Kano bai tsira ba: an gina shaguna a kewayensa, wata gwamnati ta rushe su a 2023, magana ta kai kotu. In haka ta faru da filin da dubban Musulmi ke sallah a cikinsa, ina ga filin yaran unguwa?

Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun san aikin taro tun kaka da kakanni. A al'adar golmo, saurayi da tsararrakinsa kan yi wa mahaifin budurwa noma shekara da shekaru kafin a ba shi aure, kuma bikin Uhola na shekara-shekara yana tara jama'a a fili don kaɗe-kaɗe da raye-raye. Al'ummar da ta saba da wannan ba za ta rasa mai share filin 'ya'yanta ba, muddin aka tsara aikin.

Tsarin kuwa ba mai tsada ba ne. Mai unguwa da dattawa su nemi takardar hukuma da za ta tabbatar cewa fili na jama'a ne, domin gumi ba ya tsayawa a kotu sai da takarda. Matasa su yi gayyar shara da cike ramuka bayan damina. Mata, waɗanda suka fi kowa sanin inda yara ke yini, su samu kujera a kwamiti. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru tana iya taimakawa da dashen itatuwan inuwa.

Wani zai ce wannan sauke wa gwamnati nauyinta ne. Ban yarda ba. Unguwar da ta shuka itace a filinta ta fi ƙarfin bakin neman rijiya ko fitila daga ƙaramar hukuma, kuma ta fi wahalar ƙwacewa.

Mu ma masu nazarin Hausa muna da ruwa da tsaki a nan. Waƙoƙin gaɗa da wasannin yara da muke rubuta kundaye a kansu, a dandali suke rayuwa. Duk filin da ya zama shago, mun rasa wurin da za mu aika ɗalibanmu su ji su daga bakin masu su.