Firinsifal Ɗin da Muka Mayar Dodanniya



Yau kanmu zan taɓa, kuma na san wasu ba za su ji daɗi ba. Ku duba labaran da muke saki a Wattpad da WhatsApp. Duk inda aka kai jaruma makarantar kwana, firinsifal ɗin iri ɗaya ce: gilashi a kan hanci, bulala a hannu, ba ta da aiki sai tsawa da korar 'ya'yan mutane. Wannan lalaci ne, kuma rashin adalci ne.

Watan jiya na raka ƙanwata makarantar da na gama. A ofis akwai allon katako mai sunayen waɗanda suka shugabanci makarantar. Na sama duk Turawa ne, sai ga sunan wata Hajiya, 'yar ƙasa ta farko da ta hau kujerar. Na tambayi malamai uku ko wace ce, babu wanda ya sani. Baba maigadi ne ya ce mini: "Ai 'yata, bara waccan ta rasu, ga gidanta can bayan katanga." Shekara shida na yi a wurin, katanga ce kawai tsakaninmu, ban taɓa zuwa gaishe ta ba. Wai ni ce marubuciya!

Ku tuna, sai a 1930 aka buɗe makarantun boko na 'yan mata a Kano da Katsina, kuma an daɗe Turawa ne ke riƙe da irinsu. Matan da suka karɓi ragama daga hannunsu sun sha fama. Ga uban da ya zo da mota zai ɗauke 'yarsa a aji uku don an sa ranar aure. Ga malamai maza da ke ganin ƙasƙanci ne mace ta ba su umarni. Ga ɗan kwangila da ke kawo masara mai ƙwari. Ga surutun gari. Da aka fara UPE a 1976, daga kwalejojin horar da malamai mata aka riƙa samun waɗanda suka koyar da iyayenmu a firamare. Su wa suka riƙe kwalejojin nan?

Ko Farfesa Zaynab Alkali, wadda muke alfahari da littafinta The Stillborn na 1984, mu nawa ne muka san ta taɓa shugabantar makarantar 'yan mata ta Shekara a Kano?

Na san abin da za a ce: "Ba ya sayuwa, soyayya ake so." Ban yarda ba. Macen da ta tsaya a bakin ƙofa tana lallashin dattijon da ya haife ta ya bar 'yarsa ta zana jarrabawa, alhali nata auren na tangal-tangal saboda aikin, wane rikicin kishiya ne ya fi wannan ɗaukar hankali? Gaskiyar magana, bincike muke gudu. Ya fi mana sauƙi mu kwanta a gado mu ƙirƙiro attajiri mai jirgin sama.

Ban ce a mayar da su waliyyai ba. Wasunsu sun yi tsanani, wasu sun yi kuskure. A rubuta su a matsayin mutane, da alherinsu da ajizancinsu.

Waɗanda suka rage sun tsufa, suna zaman fansho. Kafin sati mai zuwa, kowa ya nemi guda ɗaya a garinsu. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta nuna maka gidan. Ka je da sallama da ɗan goro, ka nemi izini, ka kunna rikoda a wayarka. Abin da ka samo, kawo mana nan ƙasa.

Tawa Hajiyar dai ta riga ta tafi da labarinta. Allah ya jiƙanta.