Maruda ba ta jiran lauya, mataimakinsa take buƙata

Kafin yaro ya zama lauya a Najeriya sai ya yi shekara 5 a jami'a, ya ƙara shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi. Wanda ya sha wannan wahala ba zai buɗe ofis a Maruda ba, kuma babu laifinsa. Birnin Kebbi zai zauna, ko Sakkwato, ko Abuja, inda masu biyan kuɗin aiki suke. Su kuwa mutanen ƙauyukan Gwandu da Kalgo, rigimar gado da iyakar gona da kamun 'yan sanda ba sa daga musu ƙafa don babu lauya kusa.

Yawancin waɗannan matsaloli ba sa buƙatar mai baƙar riga da hular gashi. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tana buƙatar wanda zai gaya mata cewa tumuni haƙƙinta ne a gida da gona duka, ya kuma raka ta gaban alƙali idan dangin miji suka ce ta haƙura da kayan ɗaki. Uban da aka kama ɗansa yana buƙatar wanda ya san sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, gwargwadon nisan kotun, ya kuma san beli a hannun 'yan sanda kyauta ne. Manomi kuma a nuna masa cewa Dokar Filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba shi takardar gonarsa tun kafin wani ya zo da tasa. Wannan shi ne aikin mataimakin lauya: ba da shawara, rubuta takardar ƙorafi, yin sulhu, da sanin ranar da magana ta fi ƙarfinsa don ya miƙa ta ga lauya.

Mun daɗe da yarda da irin wannan tsari a harkar lafiya. Da muka ga likita ba zai kai kowane ƙauye ba, sai aka horar da ma'aikatan lafiya na karkara, aka ba su lasisi da albashi da ɗakin shan magani. Me ya hana a yi wa shari'a haka?

Ba rashin makarantu ba ne. Akwai Kwalejin Aminu Kano ta Shari'a da Addinin Musulunci a Kano, akwai ta Yusufu Bala Usman a Daura, ga kuma Kongo a Zariya da ta daɗe tana ba da difloma a fannin shari'a. Matsalar ita ce yadda muke kallon wannan difloma. Ɗalibi na ɗaukarta tsani ne na shiga jami'a, idan tsanin ya karye sai ya jira aikin rajistara ko magatakardar kotu, idan shi ma bai samu ba sai takardar ta koma ƙarƙashin katifa. Shekara biyu na karatun gado da aure da laifuka sun tafi a banza, alhali a unguwarsu ana cin gonar marayu.

Doka ma ta riga mu. Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ta samu sabuwar doka a 2011 da ta amince da aikin mataimakan lauyoyi. Saliyo ta wuce nan: dokarta ta 2012 ta nemi a samu mataimakin lauya a kowace masarauta. A ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yari jiran shari'a suke yi, wannan ba abin da za a bar wa ƙungiyoyi masu zaman kansu ba ne, su yi bitar kwana uku a otal su watse.

Wasu lauyoyi na tsoron za a buɗe wa lauyoyin bogi ƙofa. Tsoron na da tushe, amma ƙofar a buɗe take tuni. Duk wanda ya taɓa zuwa harabar kotu ya ga masu tare baƙauye suna ce masa sun san alƙali. Mai takardar shaida da lambar rajista, wanda lauya ke duba aikinsa kuma ana iya ƙwace lasisinsa, shi zai kore su. Sharaɗin dai a fayyace: ba ya tsaya wa kowa a matsayin lauya.

Ƙasar Gwandu, inda Abdullahi ɗan Fodiyo mai littafin Diya'ul Hukkam ya zauna, ba baƙuwar ilimin shari'a ba ce. Ga Jami'ar Tarayya a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Gwamnatin jiha ta zauna da su da Hukumar Agajin Shari'a a tsara kwas na shekara biyu da Hausa a cikinsa, da wata shida na koyon aiki a kotun shari'a da ofishin 'yan sanda. A ware wa mata rabin gurabe, domin matar kulle ba za ta buɗe wa namiji cikinta kan ciyarwa ko saki ba. Sannan kowace daga cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar ta ɗauki biyu aiki, da babur da tebur a ƙofar hakimi ranar kasuwa.