Waiwaye Adon Tafiya: Batun Littattafan Tarihi a Makarantunmu

Edita ya ba ni wannan ɗan fili, ni kuwa ina so in faɗi wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, watau batun littattafan da mu ke koya wa yara tarihin Nijeriya da su. In na yi daidai, madalla. In kuwa na kauce, ga fili nan a fitowa ta gaba, sai a gyara mini, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga abin da ya tayar da maganar. Kwanan baya na tafi duba ɗalibanmu da ke gwajin koyarwa a wata makarantar sakandare nan yankin Abuja. Na tarar da ɗayansu yana koyar da tarihi, yara suna ta kwafar abin da ya rubuta a allo. Da ya gama sai na nemi izini na yi musu tambaya guda. Na ce, "Wa zai gaya mini inda aka samo sunan Abuja?" Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce gwamnati ce ta ƙaga shi. Wata yarinya kuma ta ce ita ta ji sunan wani dutse ne. Na karɓi littafin da malamin ke bi, na yi ta juya shafi. Na ga hoton Gwamna Lugga, na ga jerin shugabannin ƙasa, amma abin da aka faɗa game da Abuja bai wuce layi biyu ba: an zaɓe ta cikin 1976, an tare a cikinta cikin 1991. Ban ga laifin yaran ba, ban kuma ga na malamin ba. Abin da aka shuka shi ke tsirowa.

Alhali kuwa amsar tambayar nan tana nan ƙofar gidansu. Sa'ad da mutanen jihadi suka ci Zazzau a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu, ya zo ya sauka Zuba. Bayan an kashe shi wajen Lapai cikin 1825, sai ɗan'uwansa Abubakar, wanda a ke ce wa Abu Ja don hasken fatarsa, ya gaje shi, ya kafa gari cikin 1828, garin ya ci sunansa. Da Janar Murtala Muhammad ya kafa dokar sabon babban birni ran 3 ga Fabrairu 1976, aka ari sunan aka ba sabon birnin, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Shi kansa Sarkin nan malamin makaranta ne irinmu, ya yi Kwalejin Katsina ya kuma koyar kafin ya hau gadon sarauta cikin 1944. Yaron da ke wucewa ta gindin dutsen Zuma kullum, in bai san wannan ba, me ya sani?

Kada wani ya ce ai ba a rubuta ba ne. An rubuta. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, mutanen tsohuwar Abuja, sun zauna da dattawa sun tattara labarin Makau da sarakunan da suka biyo bayansa, da sarautu da bukukuwa da al'adun ƙasar, suka rubuta da Hausa. Wani Bature, Frank Heath, ya juya aikin da Turanci, aka buga shi cikin 1952 da sunan A Chronicle of Abuja, aka sake bugawa cikin 1962. Ku duba laburaren makarantun da ku ke zuwa gwajin koyarwa, ku gaya mini cikin nawa kuka gan shi.

Bari mu ɗan waiwaya mu ga yadda muka zo nan. Zamanin Turawa, abin da a ke kira tarihi a makaranta yawancinsa labarin Ingila ne da na Turawan da suka zo ƙasarmu. Littafin Sir Alan Burns na 1929 ya daɗe yana ci, shi kuwa da idon ma'aikacin mulki ya dubi ƙasar. A irin waɗannan littattafai ne yaro kan haddace cewa Mungo Park ya gano kogin Kwara cikin 1796, sai ka ce babu masunta da 'yan fito a bakin kogin ran da ya iso Segu. Duk da haka ba za mu ƙi faɗin alheri ba, Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, wanda ya kawo wa 'yan makaranta labarun da malamanmu na dā suka rubuta da Larabci.

Da aka doshi mulkin kai sai kiɗa ya sake, rawa ma ta sake. Aka kafa Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya cikin 1955. Kenneth Dike ya fitar da littafinsa a kan ciniki da siyasa a bakin teku cikin 1956. A Zariya Farfesa Abdullahi Smith ya horar da masana masu bin diddigin takardun Larabci da na Ajami, har aka kafa Arewa House a Kaduna cikin 1970. Cikin 1980 kuma Obaro Ikime ya jagoranci masana suka fitar da Groundwork of Nigerian History. Waɗannan bayin Allah sun nuna wa duniya muna da tarihi, sun kuma nuna yadda a ke rubuta shi da hujja.

To, sai kuma muka yi sake. Aka narkar da tarihi cikin darasin zaman jama'a a ƙananan azuzuwa, har wajen 2009 ya ɓace daga tsarin karatun firamare da ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuwa ya zama sai wanda ya ga dama. Aka ce wai yara ba su so, malamai sun yi ƙaranci, kuma ba ya ba da aiki. Masu buga littattafai 'yan kasuwa ne, da suka ga babu masu saye sai suka juya wajen wani abin. Sai cikin 2018 Ministan Ilmi Malam Adamu Adamu ya ƙaddamar da sabon tsarin koyar da tarihi nan Abuja. Cikin Nuwamba 2022 aka yi bikin fara horar da malamai 3,700, watau ɗari daga kowace jiha da ɗari daga Birnin Tarayya. Cikin 2025 kuma gwamnati ta sanar tarihin Nijeriya ya zama tilas tun daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare.

Wannan abin farin ciki ne, amma maido da suna a jadawali aiki ne mai sauƙi. Mun san yadda ajinmu ya ke. Malamin da aka ba darussa uku ko huɗu, ga yara sun cika ɗaki, ba shi da lokacin bincike. Abin da ke cikin littafin da ke hannunsa shi zai faɗa, abin da babu kuwa babu shi ke nan. Saboda haka wanda ya rubuta littafi shi ne malamin gaskiya na dubban yara da bai taɓa gani ba. Ni a ganina abu huɗu ya kamata mu nema ga kowane littafin tarihi kafin mu yarda ya shiga aji.

Na fari, ya fara daga gida. Mu da muka yi ilmin koyarwa mun san daga abin da yaro ya sani a ke kai shi ga abin da bai sani ba. Yaron Kwali yana da takardar naira ashirin a aljihu, ga hoton Ladi Kwali a bayanta tana ginin tukunya. Daga nan sai a kai shi ga gidan koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja a farkon shekarun 1950, daga nan a koma da shi baya zuwa Taruga, kudu maso gabas da birnin nan, inda aka tono matoyar ƙarfe ta mutanen Nok wadda ta haura shekara dubu biyu. Abin mamaki, hukumar da ke tsara karatun ƙasa duka, watau NERDC, a Sheda ta ke, kusa da Kwali ɗin. Littafi guda ba zai ɗauki labarin kowane gari ba, na sani. Amma sai a yi babban littafi na ƙasa, sa'an nan kowace jiha da Birnin Tarayya su yi ɗan ƙaramin nasu, mai araha, mai taswira.

Na biyu, ya ba kowa bakin magana. Har yanzu a kan ji mutane suna cewa daji ne aka share aka gina Abuja. Ashe Gwarawa, waɗanda su ke kiran kansu Gbagyi, da Koro da Gade da Gwandara da Basa da Ganagana, a sama su ke zaune? Mutanen da aka tasa daga Wuse aka kai su Sabon Wuse, jikokinsu na cikin azuzuwanmu. Har littafin Malam Hassan da na yaba ɗazu, daga fada aka dubi ƙasar, saboda haka yana bukatar abokin tafiya wanda aka rubuta daga ƙauyen Bagwari. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Na uku, ya rarrabe tsakanin labarin kaka da kakanni da abin da hujja ta tabbatar. Labarin Bayajida da rijiyar Kusugu a Daura gadonmu ne, a koyar da shi, amma a gaya wa yaro irin labarin da ya ke, a kuma nuna masa abin da masana suka ce a kansa. Ko shekarar da Makau ya fita Zazzau, waɗansu littattafai sun ce 1804, waɗansu 1808. Littafin kirki sai ya kawo duka biyu, ya faɗi inda kowane ya samo nasa. Ran da ɗalibi ya koyi tambayar "Wa ya faɗa, kuma ina shaidarsa?" ya sami makamin da zai tsare shi daga ƙaryar da ke yawo cikin wayar hannu.

Na huɗu, kada ya ɓoye ɗaci. An yi harin bayi a ƙasar nan, kuma masu kai harin ba daga nesa kaɗai suka zo ba. An kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa cikin Janairu 1966, an kashe Ibo da yawa a garuruwan Arewa cikin shekarar nan, an yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, yunwa ta hallaka yara ba iyaka. Na san wani zai ce, "Haba Malam, ai wannan tonon silili ne, a bar kaza cikin gashinta." Na ji, kuma tsoron nasa ba na banza ba ne, don littafin da aka rubuta da son zuciya ya fi rashin littafi sharri. Amma shirun da muka yi shekara da shekaru bai hana yara ji ba. Sun ji a tasha, sun ji a waya, kowa ya ji rabin da ya yi wa ƙabilarsa daɗi. Gara su ji duka daga bakin malami mai adalci, da littafin da masanan Kudu da na Arewa suka zauna tare suka tace. Ciwon da aka rufe ba a wanke ba, ruɓa ya ke yi.

Yanzu sai in juyo gare ku, ɗalibai. Kada ku zauna jiran wani farfesa ya zo ya rubuta muku labarin garinku. Malam Hassan da Malam Shu'aibu ba su jira ba. Hutun nan mai zuwa kowa ya sayi littafin rubutu guda, ya tafi wurin tsohon da ya fi kowa shekaru a unguwarsu, namiji ko mace, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi daga ina mutanen garin suka zo, wa ya kafa kasuwa, su wa suka yi sarauta, wace shekara aka yi fari ko yunwa. Ya rubuta da harshen da aka gaya masa, ya sa sunan mai ba da labarin da ranar da aka yi hirar. In ya sami wani tsoho ya faɗi akasin haka, ya rubuta shi ma, kada ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi. In an dawo, sashen tarihi ya tattara, a tace, a ajiye a laburare, a riƙa buga mafi kyau cikin wannan mujalla.

Ku yi hanzari, gama tsofaffin da suka ga yankin nan kafin 1976 suna ta raguwa, kowane kuwa ya tafi da abin da ke cikinsa, babu mai maido mana da shi. Ni dai fatana, in na sake shiga aji na tambayi inda aka samo sunan Abuja, in ga hannuwa sun tashi, kuma littafin da ke kan teburin malam ya zama ɗayanku ne ya rubuta shi.