Wayar Hannu da Dattawanmu: Mabuɗi Ya Koma Hannun Jika

Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Dattawan Fakku da sauran garuruwan ƙasar Kebbe da Tambuwal, waɗanda aka haifa zamanin En'e, sun ga lokacin da ɗan ci-rani zai tafi Ikko ko Badun a yi wata huɗu ba a ji ɗuriyarsa ba, sai ran da wani matafiyi ya zo da wasiƙa da 'yan sulalla ƙulle a tsumma. Wayar hannu ta shigo Nijeriya cikin 2001, daga baya ta kai ƙauyuka. Yau tsohuwa tana zaune a ɗakinta za ta ji muryar ɗanta, kuɗin magani kuma ya iso tsakanin azahar da la'asar. Wannan alheri ne, babu mai musu.

Amma akwai abin dubawa. Dā mai gida shi ne ya san abin da ke cikin rumbunsa da aljihunsa. Yanzu kuɗi ya zama lamba a cikin waya, kuma ba a taɓa shi sai da lambar sirri. Dattijon da bai san boko ba, ko wanda idonsa ya yi rauni, tilas ya miƙa katinsa da lambarsa ga jika ko ga mai POS na kasuwa. In an yi dace da mai amana, to, madalla. In ba a dace ba, sai a cire dubu goma a ba shi bakwai. Ko da ba a cuce shi ba, asirinsa ya fita daga hannunsa, wanda ya saba a roƙe shi ya koma roƙon yaro.

Dokokin zamani sun ƙara nauyin. Cikin 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, wadda sai an ɗauki zanen yatsu da hoton fuska. Cikin Disamba 2020 Gwamnatin Tarayya ta ce a haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN, in ba haka ba a rufe shi. Nufin mai kyau ne, watau hana zamba da gane masu laifi. Sai dai hannun da ya shekara sittin yana riƙon fartanya sau da yawa zanensa ya shafe, na'ura ta ƙi karɓa, a ce wa tsoho ya komo gobe, alhali kuɗin mota ya biya.

Sau biyu kuma muka ga yadda igiyar take da saurin tsinkewa. Cikin Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, tsofaffi da yawa suka rasa hanyar jin 'ya'yansu da karɓar aike. Farkon 2023 kuma canjin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 ya kawo ƙarancin tsabar kuɗi. Samari suka riƙa ciniki ta waya, tsohuwa mai daddawa kuwa ta wuni ba ta sayar ba. Sauƙi bai fara samuwa ba sai bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ran 3 ga Maris.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta su tuna da Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, sa'ad da magabatansu suka zaunar da manya suka koya musu karatu. Koya wa dattijo lambobi goma da yadda zai duba ragowar kuɗinsa bai fi aikin 'yan makonni ba. Akawunan ƙananan hukumomi su nemi a riƙa kai masu rajista ƙauyuka ran kasuwa, a fara da tsofaffi. Hakimai da limamai su yi ta shela cewa banki ba ya kiran kowa ya tambayi lambar sirri. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne.

Malami da akawu na yau su ne 'yan fansho na gobe, kuma na'urar da za ta zo lokacinsu ba wadda suka sani ba ce. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar iyayenmu, amin.