Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki

A ƙasashen Agye, Gazawa da Gidan Rumji, idan ɓarin jikin mutum ya shanye, sau da yawa iskoki ko sammu ake zargi. Farfesa Mayowa Owolabi, likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Ibadan, ya jagoranci bincike kan masu wannan cuta 2118 a Gana da Najeriya, har da asibitocin Kano da Zariya. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna cewa hawan jini na da hannu cikin kusan tara bisa goma: yakan fasa jijiyar ƙwaƙwalwa ko ya sa ta toshe. Barbaɗa gishiri a kan abinci yana ƙara haɗarin, cin ganye kullum yana rage shi. Ɗan kasuwa da ma'aikaci su riƙa zuwa awon jini; wanda nasa ya kai 14/9, ya ga likita tun yana tsaye da ƙafafunsa.